Ni ce Mai Digiri, Amma Adda Ake Saurare

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce mai shekara 27, haifaffiyar Garwa a arewacin Kamaru. Fatauci ne ya kawo kakana daga ƙasar Katsina, a nan aka haifi mahaifina. Da Faransanci na yi karatu tun daga firamare har na gama jami'a a Ngaundere. Ina da taubashiya, 'yar goggona, muna ce mata Adda. A Mora ta tashi, can kusa da iyakar Najeriya, allo da islamiyya ta yi, boko kuwa a aji huɗu ta tsaya. A 2015 suka dawo gidanmu saboda rikicin Boko Haram.

Bara muka fara wani ɗan shiri na bidiyo da Hausa a kan rayuwar mata, muna sawa a Facebook da TikTok. Tun daga nan ba mu rabu da saɓani ba. Ni ina so mu yi hira da zawarawa da matan da aka kora daga gidan aure, fuska a buɗe, tambaya kai tsaye, kamar yadda nake gani a tashoshin waje. Ita ta ce sam, sai dai a mayar da labarin wasan kwaikwayo a ɓoye sunaye. Kwanaki an turo mini bidiyon wani hari da gawawwaki a ciki, na ce mu sa don mutane su san halin da ake ciki. Ta fashe da kuka, ta daina yi mini magana.

Abin da ya fi ci mini rai, nata ake kallo. In ta yi ɗan wasanta sai mata su yi ta tura wa juna. In na yi nawa, wasu daga Najeriya su ce Hausata ta Faransa ce, ƙawayena na jami'a kuma su ce na zubar da karatuna ina ƙauyanci. A gida ma haka: Baba bai yarda da komai ba sai abin da rediyonsa ya faɗa da asuba, Dada kuwa duk muryar da aka turo mata ta WhatsApp gaskiya ce. Ji nake ni kaɗai ke kallon abu yadda yake. In rabu da Adda in koma yin nawa da Faransanci? Ko dai ni ce baƙuwa a cikin mutanena?

'Yarki daga Garwa

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ba zan ja ki da nisa ba: kada ki rabu da Adda, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba a kan waɗannan dalilan ba. Sai dai akwai magana ɗaya a wasiƙarki da nake so mu tsaya a kanta, inda kika ce ke kaɗai ke kallon abu yadda yake. Na san ciwo ne ya sa kika faɗa, ba girman kai ba. Amma ba haka abin yake ba. Kin gane cewa Mora ce ta reni idon Adda, rediyo ya reni kunnen Baba, zaman tsakar gida ya reni na Dada. To ke wa ya reni naki? Ajin da aka koya miki cewa magana ba ta zama hujja sai an gan ta a takarda, da tashoshin da suka nuna miki cewa cikakken ɗan jarida shi ne mai kafe mutum da ido ya jefa masa tambayar da za ta sa shi gumi, su suka rene ki. Wannan salon a manyan biranen Turai ya girma, inda mace za ta faɗi sirrin aurenta a talabijin da dare, gari ya waye ta shiga taron jama'a ba wanda ya san ta. Salo ne mai amfani, kuma zan gaya miki inda za ki more shi. Amma shi ma ɗan wani gari ne, ba daga sama ya sauko ba.

Bari in fara da Baba, don da alama kin ɗauki halinsa taurin kan tsufa ne. Ki lissafa shekarunsa. Ya yi ƙuruciya zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, kuma daga 1966 har 1990 jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar. Gidan rediyon Garwa yana nan tun 1958, amma bakin gwamnati ne. Talabijin bai shigo ba sai 1985. Gidajen rediyo masu zaman kansu kuwa, duk da dokar yaɗa labarai ta 1990, ba a buɗe musu ƙofa ba sai a shekarar 2000. Jaridu daga kudu suke tahowa, da Faransanci, su iso bayan labari ya huce. Mutumin da ke son jin abin da duniya ke ciki da harshen gidansu, ina zai dosa? Sai ya murɗa gajeren zango. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga Rediyon Kaduna. Rediyon Faransa ma, duk da harshenta muke karatu da shi, bai fara Hausa ba sai 2007. Shekara da shekaru Baba yana jin abu da asuba, bayan kwana biyu ya ga ya tabbata. Gwaji mai tsawo ne ya haifi wannan yardar. Waya kuwa jiya ta zo, kuma ya sha kama ta da ƙarya.

Duk da haka su ma tashoshin nan suna da inda suka tsaya. Mafi yawan masu sauraronsu a Najeriya suke, don haka can fuskarsu ta fi karkata. Shi ya sa za ki tarar da dattijo a Garwa ya san rigimar siyasar Kano ciki da waje, amma bai san abin da majalisar garinsa ta yanke a kan kasuwar da yake zama ba. Ki duba maganar madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa. A 2012 da 2022, da aka buɗe ƙofofinta, ambaliya ta yi ɓarna a jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai har Kogi, labarin da ya cika kunnuwa shi ne Kamaru ta sako wa Najeriya ruwa. Ba ƙarya aka yi ba, mutane sun rasa gidaje da gonaki da rayuka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan Garwa ya san wutar lantarkin da arewacin Kamaru ke dogaro da ita daga Lagdo take fitowa, ya san in tafkin ya cika aka ƙi rage shi madatsar ce gaba ɗaya ke cikin haɗari, ya san kafin ruwan ya kai Yola ta kan gonakinmu yake bi. Ga kuma madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a ɓangaren Najeriya don ta tare ruwan, har yau ba a kammala ta ba. Wannan rabin labarin wa zai ba da shi da Hausa, in ba wadda ta tashi a bakin kogin ba, kuma take iya karanta sanarwar hukuma da Faransanci?

Ta Dada gajeruwa ce. Ta tashi a inda labari ke zuwa a bakin wanda aka sani: maƙwabciya, dillaliya, mai shelar fada. Wanda ya kawo ƙarya gobe za a haɗu da shi a gidan suna ya sha kunya. Don haka a wurinta muryar mutum abin yarda ce, balle in ya buɗe da sallama da salati. WhatsApp ya kawo mata murya ba tare da mai muryar ba, kunnenta kuwa bai sauya ba. Kada ki yi mata dariya. Ki yi mata tambayoyin da ita kanta take yi in an kawo mata tsegumi: wa ya faɗa, ɗan gidan wa ne, da idonsa ya gani? Ki fi matsawa a kan saƙonnin magani da na rigakafi, don su ne ke kai mutum kushewa.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi, bidiyon harin. A nan Adda ce da gaskiya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ke a Garwa kike lokacin da abin ya yi tsanani. Kin ji an shiga Kolofata a Yulin 2014, kin ji kisan Fotokol a Fabrairun 2015, kin ji bama-baman Marwa a Yulin wannan shekarar, kin yi addu'a kin koma aji. Ba laifinki ba ne. Ita kuwa a Mora take, Kolofata na nan kusa da su, hanyarsu ɗaya, dangi a haɗe. Abin da ya zo miki a matsayin labari, a wurinta mutane ne da ta san sunayensu da na 'ya'yansu. Ki tambayi kanki, da wani naki ne kwance a wurin, za ki so baƙi su riƙa kallonsa a waya suna cin abinci? Gawa tana da haƙƙin sutura, addini ya faɗa, al'ada ta faɗa.

Ko an ajiye zuciyar Adda gefe, shawarar taki ba ta tsaya ba ko a ma'aunin aikin jaridar da kike so. Turo miki aka yi. Wa ya ɗauka, a ina, yaushe? An sha ɗauko tsohon bidiyo daga wata ƙasa a liƙa masa sunan wani gari namu. Sannan masu kai harin sun fi kowa son a yaɗa shi, don tsoron da yake shukawa yana cikin abin da suka fito nema. Ga kuma doka. Dokar laifukan intanet ta 2010 ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 kuma ta fi ta tsanani nesa ba kusa ba. Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na Rediyon Faransa (RFI), an kama shi a Marwa a Yulin 2015, kotun soja ta yanke masa shekara 10, bai fito ba sai Disambar 2017, alhali yana da babban gidan rediyo a bayansa, ƙungiyoyin 'yan jarida na duniya suna ta kiran a sake shi. Ban ce abin da aka yi masa daidai ne ba, kuma ba don in rufe miki baki na kawo wannan ba. So nake ki san ƙasar da kike takawa. Mutanen bakin iyaka sun koyi auna magana kafin su furta. Abin da kike ɗauka tsoro ne a wurin Adda, ilimi ne da wuya ta koya mata.

Haka batun fuskar zawarawa. Garwa babban birni ne, amma ta wajen sanin juna ƙarami ne. Matar da ta zauna gabanki yau ranta a ɓace za ta ce ki sa fuskarta, ba ta damu ba. Bayan wata uku an sasanta, ko wani ya fito neman aurenta, ko tsohon mijin ya fusata ya ƙwace 'ya'yan, ko a yi wa ɗanta gori a makaranta. Bidiyon ya riga ya sauka a wayoyin mutane, ko kin goge naki bai gogu ba. Ke kin samu masu kallo, ita aka bari da abin.

Wasan kwaikwayon Adda ba gudun gaskiya ba ne. Tun kafin kyamara ta zo matanmu suna da hanyar faɗin abin da ba ya faɗuwa: a waƙar daka da ta niƙa, a habaici, a tatsuniyar da ake ɗora wa Gizo halin mai gida. Wasan tashe ma haka yake, yara su kwaikwayi babba, kowa ya yi dariya, saƙo ya isa. Da hannunki kika rubuta cewa mata suna tura wa juna. Kin tsaya kin tambayi dalili? Mace za ta iya tura wa mijinta ko uwar mijinta wasan kwaikwayo ta ce abin dariya ne, alhali ta amayar da abin da ke ranta, kuma ba wanda zai kama ta da laifi. Hirar da aka ga fuskar wance 'yar unguwar kaza ba ta turuwa haka, duk wadda ta tura ta shiga rigimar. Ba a aji Adda ta koyi wannan ba, amma ta san shi, kuma shi ke tara mata masu kallo.

Kada ki ɗauka na ba ta gaskiya duka. Ita ma inda ta tashi ya rufe mata wani abu. Wadda ta girma da finafinan Kano da na Indiya ta saba da labarin da ke ƙarewa da kuka da haƙuri, dattijo ya zo ya yi nasiha, kowa ya koma ɗakinsa. Ina son finafinan nan, sun kai harshenmu gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Amma matar da aka watso wa kaya waje da tsakar dare, in ta kalli wasan ta share hawaye, me za ta yi da safe? Wasan bai gaya mata ba. Ba kowane zalunci haƙuri ke magani ba, kuma wani lokaci azzalumi ne ke cin ribar shirun.

A nan karatunki yake da aiki, kamar dai a maganar Lagdo. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya mayar da korar abokin aure daga gida, ba tare da dalili karɓaɓɓe ko bin kotu ba, laifi ne mai ɗauri, ya kuma haramta aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Mata nawa ne a unguwarku suka san da wannan? Da Faransanci da Ingilishi aka rubuta shi, harsunan da yawancin masu kallonku ba sa karantawa. Ga takardar haihuwa: yara da yawa a arewa sai sun kai ajin ƙarshe na firamare ake farga ba su da ita, ba damar zana jarrabawar fita sai an bi ta kotu an samo hukuncin da za a yi musu takardar da shi. Uwa ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ke kin sani, ko kina iya bincikowa. To ku haɗa hannu: Adda ta yi wasanta, ke ki biyo baya da minti biyu, ga abin da doka ta ce, ga ofishin da ake zuwa, ga takardun da ake riƙewa. Kafin ki faɗa ki tabbatar a wurin lauya, in maganar ta taɓa saki ko gado ki zauna da malamin da ya san fiƙihu, don kuskure ɗaya a nan yana iya kashe aure. In kina son a ji daga bakin masu abin, ki ɗauki magana ba fuska, ki sauya muryar, ki bari a kwana biyu ki koma ki sake neman izini bayan zuciya ta sauka.

Tambayar nan taki mai sa gumi kuwa, kada ki yar da ita. Ki kai ta wurin magajin gari, wurin shugaban asibiti, wurin mai raba rumfunan kasuwa. Su amanar jama'a ke hannunsu, albashi suke ci don su amsa. Bazawara ba ta riƙe amanar kowa ba balle a tsare ta.

Sai masu cewa Hausarki ta Faransa ce. Manhajojin nan suna tura bidiyo ne inda suka ga za a fi kallonsa, Hausawa kuwa a Najeriya suka fi yawa. Ke nan yawancin masu yi miki gorin ba su kika yi wa shirin ba. Su ma bakinsu cike yake da Ingilishi, sabo ne ya sa ba sa jin nasu. Iyakar da ta raba bakinku ba ta daɗe ba: Garwa da Yola tuta ɗaya suke bi tun zamanin Modibbo Adama, Jamus da Ingila suka raba su, Faransa ta gaji ɓangarenmu bayan yaƙin duniya na farko. Kada ki ari bakin Kano, za a ji. Matan Garwa da Gider da Marwa da Kuseri, har na Njamena da na unguwar Birkitari a Yawunde, sun daɗe suna kallon rayuwar wasu, muryar da ta yi kama da tasu suke nema. Amma ki bambanta abu biyu. Akwai kalmar aro da kowace mai sayar da kayan miya ta sani, wannan taku ce, ki faɗe ta kanki tsaye. Akwai kuma jimla sukutum ta Faransanci da kike zubawa in Hausar ta ƙwace miki, wannan gyara take so. Ki kunna wa Dada kowane shiri kafin ki sa, duk inda ta ce "me kika ce?" ki sake ɗauka. In Fulatancinku ya nuna ku riƙa yin wasu da shi, tunda shi ne harshen kasuwa a nan.

Kin tambaya ko ke baƙuwa ce. A'a. Jikar fatake ce ke. Kakanki da Hausa ya zo, da Fulatanci ya yi ciniki, da ajami ake rubuta wasiƙa a zamaninsa. Hausawan wannan yankin ba su taɓa rayuwa da harshe ɗaya ba, ke Faransanci kika ƙara a kan na gado. Ƙawayenki kuwa tarbiyyarsu ce ke magana. A makarantun da Faransa ta kafa an daɗe ana hukunta yaro in ya yi harshen gidansu, har mutane suka haddace cewa ci gaba da Faransanci kawai yake zuwa. Ban hana ki Faransanci ba. Ki sa fassara a ƙasan bidiyo, ma'aikatan da ke zaune a ofis su karanta abin da matan ke faɗa. Amma masu shiri da Faransanci sun cika Duwala da Yawunde. Mai iya karanta doka ta bayyana wa tsohuwa da Hausa, irinta ba su da yawa.

Akwai abin da ba ki kira sunansa ba, ni zan kira: kishi. Kin yi shekaru kina karatu, ga wadda ta tsaya a aji huɗu ta fi ki karɓuwa. Yana da ciwo, kuma bai mayar da ke muguwa ba. Amma ki leƙa ta ɗaya gefen. Adda a gidanku take zaune, gudun hijira ya kawo ta, abincin mahaifinki take ci. Ba ta da bakin da za ta ja da ke har ƙarshe, shi ya sa in abu ya fi ƙarfinta sai kuka da shiru. Wasan taubasai ya ba ku damar tsokanar juna, bai daidaita matsayinku a gidan ba. Da wayar wa ake ɗauka? Da sunan wa aka buɗe shafin? In kuɗin talla ya fara shigowa, hannun wa zai faɗa? Ina jin amsar duka ke ce. Mai yiwuwa shirin nan shi ne abu na farko da ta ji nata ne tun barinta Mora.

Ku yi yarjejeniya a gaban wani babba da kuke jin nauyinsa. Lambar sirrin shafi ku riƙe ta ku biyu, rabon kuɗi ku yanke shi tun bai zo ba. Abin da ya shafi mutuncin wani ko tsaron lafiyarsa, in Adda ta ce a'a, an bari. Abin da ya shafi doka ko adadi ko kwanan wata, in kin ce ba a tabbatar ba, an bari. Kuma ku riƙa kallon abin juna. Ki zauna ki kalli fim ɗin da take so har ƙarshe ba tare da taɓe baki ba, ki tambaye ta inda ya taɓa ta. Ke ma ki fassara mata hirar da ta burge ki, ki ji abin da za ta ce a kan wanda ake yi wa tambayar. In kun yi wata shida a haka kika ga zuciyarki aikin jarida tsantsa take so, hanya a buɗe take: akwai makarantar koyon aikin jarida ta ESSTIC a Yawunde, akwai gidajen rediyo a nan arewa da mai Hausa da Faransanci za ta yi wa amfani. Sai ku rabu a kan aiki kawai, ki bar mata shafin da wasanninta suka gina.

Kafin duk wannan, ki same ta ita kaɗai ki ba ta haƙuri a kan bidiyon nan. Kada ki biyo shi da "amma", kada ki kawo maganar shiri a zaman. In ta so ba ki labarin Mora ki saurara, wayarki a ajiye a ɗaki. In ba ta so ba kada ki tone ta. In ta sake, ki kawo mata maganar takardar haihuwa, ki ce ta tsara wasan, ke za ki je ofishin magajin gari da kotu ki tambayo yadda ake bi. Allah ya daidaita tsakaninku.